DALLA-DALLA: Dalilin da ya sa fuskar manhajar waya ke sauyawa ba sallama, da yadda za a bi da ita

A garin Rara da ke Ƙaramar Hukumar Rabah, kamar yadda yake a Wurno da Goronyo da sauran garuruwan gabashin Jihar Sakkwato, wayar salula ta daɗe da wuce matsayin abin gaisawa. Da ita manomin albasa ke jin farashin buhu kafin ya ɗauki shatar mota, da ita dillali ke karɓar kuɗin kaya, da ita kuma 'yan uwa ke sanar da juna halin da hanya ke ciki kafin a fita, a yankin da matsalar 'yan bindiga ta mayar da labarin hanya abin nema tun da asuba. Saboda haka ranar da mutum ya wayi gari ya buɗe WhatsApp ya tarar madannan da ya saba gani a sama sun koma ƙasa, ko ya ga wani shuɗin zobe da bai san daga inda ya fito ba, hankalinsa kan tashi. Abin da ke ƙara rikita shi kuwa shi ne idan ya karɓi wayar maƙwabcinsa, iri ɗaya da tasa, sai ya tarar ita tana nan yadda take jiya.

A irin wannan hali zato uku ne ke fara zuwa a rai: ko waya ta lalace, ko an yi mata kutse, ko kuma yaro ya yi wasa da ita. A mafi yawan lokuta babu ko ɗaya. Kamfanin da ya mallaki manhajar ne ya sauya mata fuska, kuma da gangan ya tsara cewa sauyin ba zai isa ga kowa a rana ɗaya ba.

Yadda sauyin ke isowa

Fuskar manhaja ita ce duk abin da ido ke gani kuma yatsa ke taɓawa: launi, alamomi, jerin madannai, da wurin da kowane abu yake zaune. Sabuntawa kuma, wadda masu gyaran waya ke kira afdet, ita ce maye gurbin tsohuwar sigar manhaja da sabuwa. A zamanin da, sai mutum ya sayi sabon faifai ya sa a kwamfuta kafin manhaja ta sauya, don haka ya san ranar da za ta sauya. Yanzu manyan manhajoji kan fitar da sabuwar siga kusan kowane mako ko biyu, kuma waya na iya sauke ta da kanta da daddare tana jone a caji.

Ƙofar farko da sauyi ke shigowa ita ce rumbun manhajoji. A Play Store na Google, mai manhaja yana da damar cewa a fara ba wani ɗan kaso na masu amfani da ita sabuwar siga, misali biyar cikin ɗari, a sa ido a ga ko za ta kawo matsala, sannan a ƙara kason. Idan aka ga ɓaraka sai a dakatar. Ba cancanta ko daɗewa ke sa a zaɓi mutum cikin rukunin farko ba, kwamfuta ce ke tsamo mutane kamar an yi ƙuri'a. Kamfanin Apple ma yana da irin wannan tsari ga masu iPhone da suka bar wayarsu tana sabunta kanta, wanda ke ɗaukar kwana bakwai: kashi 1 cikin ɗari a ranar farko, sai 2, sai 5, sai 10, sai 20, sai 50, sannan kowa da kowa a rana ta bakwai.

Ƙofa ta biyu ta fi ɓuya, kuma ita ce ta fi ɗaure wa mutane kai. Sau da yawa sabon fasalin yana kwance a cikin manhajar da ke wayarka tun makonni da suka wuce, amma a kulle. Makullin yana can a manyan kwamfutocin kamfanin. Ranar da suka ga dama sai su buɗe wa wani rukuni na asusu, ko wata ƙasa, ko wani nau'in waya. Shi ya sa mutum biyu ke iya riƙe da waya iri ɗaya, da siga iri ɗaya ta manhaja ɗaya, amma kowa na ganin abu daban. Shi ya sa kuma wanda ya rantse cewa bai sabunta komai ba, gaskiya ya faɗa. Manhaja irin Facebook Lite, wadda aka fitar a 2015 domin wuraren da sabis ke da rauni, mafi yawan aikin shirya shafinta a kwamfutocin kamfanin ake yin sa, don haka fuskarta na iya sauyawa ba tare da an sauke komai ba. Ta wannan ƙofa ce kuma kamfanoni ke gwaji a kan jama'a: a ba wasu madanni a dama, a ba wasu a hagu, a ƙirga wanda aka fi latsawa. Wanda ya ga wani abu ya bayyana a wayarsa yau ya ɓace jibi, mai yiwuwa yana cikin waɗanda aka yi gwajin da su ne.

Ƙofa ta uku ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da wayar baki ɗaya. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika kasuwannin Arewa, duk na kamfani ɗaya ne, wato Transsion na ƙasar Sin, kuma kowace tana ɗora nata ado a kan Android: Tecno na da HiOS, Infinix na da XOS. Idan wannan ta sabunta, abin kan shafi komai, tun daga siffar alamomi har zuwa yadda ake komawa baya.

Akwai hikima a wannan tafiya ta daki-daki, ko da tana da ban haushi. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wata sabuntawa mai kuskure ga abokan hulɗarsa a lokaci guda. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya, aka soke dubban tashin jirage, ayyukan asibitoci da bankuna suka samu cikas a ƙasashe da dama. Ɗaya daga cikin gyare-gyaren da kamfanin ya yi alƙawari bayan haka shi ne ya riƙa sakin irin wannan sabuntawa kashi-kashi. Ke nan tsarin yana kare jama'a daga faɗawa rami ɗaya a rana ɗaya, sai dai ladarsa ita ce ruɗanin da mutum ɗaya ke shiga idan shi kaɗai ya ga sauyi a unguwarsu.

A ƙauyukan gabashin Sakkwato akwai abin da ke ƙara faɗaɗa wannan tazara. Jama'a da yawa ba daga Play Store suke samun manhaja ba, a wurin mai cajin waya ake tura musu ta Xender, kuma sigar da ke wayarsa ita za ka samu, ko ta bara ce. Wasu kan rufe data sai za su yi amfani da ita, musamman tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Ga kuma yankewar sabis. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga. Wayar da ta yi makonni ko watanni ba ta sabunta ba, ranar da ta samu sabis mai ƙarfi takan haɗiye sauye-sauyen da suka taru a tashi ɗaya. Abin da mutumin birni ya sha cokali-cokali, mutumin ƙauye a kwano ake miƙa masa.

Sauye-sauyen da aka gani

WhatsApp ce ta fi dacewa a yi misali da ita, domin ita ce ta fi shiga rayuwar yankin. A Fabrairun 2017 kamfanin ya cire ɗan rubutun da mutum ke liƙawa a ƙarƙashin sunansa, ya kawo sitatus na hoto da bidiyo mai ɓacewa bayan awa 24. Ƙorafi ya yi yawa, cikin makonni aka dawo da rubutun, amma sabon sitatus ɗin ya zauna. A Nuwambar 2022 aka kawo sashen al'ummomi, mai haɗa zaurukan hira da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ya ƙwace gurbin da kyamara take a saman hagu na wayoyin Android. A Satumbar 2023 aka buɗe tashoshin WhatsApp a ƙasashe sama da 150, sashen sitatus ya koma Updates, aka cusa tashoshin a ƙarƙashinsa. A Maris na 2024 kamfanin ya sanar da cewa ya sauko da jerin manyan madannan daga sama zuwa ƙasa a Android, duk da cewa masu sigar gwaji sun fara ganin haka tun cikin 2023. A watan Afrilun wannan shekara shuɗin zoben nan ya bayyana, wato Meta AI, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da aka kai wa ita bayan Amurka, tare da Ghana da Afirka ta Kudu da Uganda da wasu. A watan Mayu aka sanar da sabon ado baki ɗaya, koren ƙyallen da ke saman manhajar ya tafi. A Yunin 2025 kuma kamfanin ya ce zai fara saka talla a sashen sitatus da tashoshi.

Cikin waɗannan duka, wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wani ɗan ƙaramin sauyi na Yulin 2023. A lokacin aka kawo saƙon bidiyo na nan take, mai siffar da'ira, wanda bai wuce daƙiƙa 60 ba. Wurin da aka ajiye shi ne matsalar: a kan alamar makirfon da ake dannewa a yi saƙon murya. Taɓawa ɗaya a gurguje ta isa ta mayar da makirfon kyamara. Ga mutanen da rubutu ne hanyar hirarsu, wannan ba wani abu ba ne. Ga al'ummar da saƙon murya shi ne wasiƙarta, wannan madanni shi ne ƙofar gida. A ɗauka matar aure ce a cikin ɗakinta, ba lulluɓi, ta danna inda ta saba dannawa don ta amsa wa ƙanin mijinta ko zauren makarantar Islamiyya, sai fuskarta ta bayyana a da'ira. Wanda ya zana wannan madanni bai yi nufin cin mutuncin kowa ba, amma bai san ɗakin ba. Daga baya kamfanin ya sauya yadda ake shiga saƙon bidiyon.

Ba yau aka fara jayayya tsakanin kamfanoni da jama'a kan wannan ba. A Satumbar 2006, lokacin da Facebook ta kawo shafin da ke jero abubuwan da abokai suka yi, masu amfani da ita sun yi bore har Mark Zuckerberg ya ba da haƙuri ya ƙara matakan sirri, amma shafin bai tafi ba. A 2018 sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke kan sabuwar fuskar Snapchat, kamfanin ya ɗan ja da baya bayan watanni. A Yulin 2023 Twitter ta koma X, tsuntsun da mutane ke nema a fuskar waya ya ɓace. Abin da tarihin ke nunawa shi ne ƙorafi kan sa a gyara gefe-gefe, amma da wuya a koma gidan jiya.

Me ya sa abin ya fi ciwo a nan?

Mafi yawan mutane, masu boko da marasa boko, ba karanta madanni suke yi ba. Yatsa ne ke haddace hanya, kamar yadda ƙafa ke sanin hanyar masallaci cikin duhu. Bambancin shi ne idan hanyar ta sauya, mai jin Turanci zai tsaya ya karanta allo ya gane inda aka mayar da ita. Dattijon da ya yi karatun allo da na littattafai, yana karanta Larabci da ajami ba gargada, amma ba ya karanta Turanci, shi ba shi da wannan madogara. Abin da ya riƙe shi ne na biyu daga sama, ko koren da ke dama. Idan na biyun ya koma na uku, ilminsa na wayar ya rushe a dare ɗaya, ba don ƙarancin basira ba.

Haka kuma hanyar koyon waya a karkara ta baki ce. Ɗa da ke aiki a Sakkwato ko Legas yana kwatanta wa mahaifinsa ta waya, yana cewa, “Baba, ku duba ƙasa, za ku ga alama ta uku.” Baba ya duba ƙasa bai ga komai ba, domin nasa madannan suna sama har yanzu. Kowannensu na ganin ɗayan ne bai fahimta ba. Sakin sabuntawa daki-daki yana karya wannan sarƙar koyarwa, kuma wannan illa ce da ba ta fitowa a alƙaluman da kamfanoni ke dubawa kafin su ƙara kaso.

Inda kuɗi ya shigo

Ranar 26 ga Oktoba, 2022, Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023 ya tura ɗimbin mutanen da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba zuwa ga manhajojin banki da irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, da shagunan masu POS. Da yawa sun koyi tura kuɗi ne cikin gaggawa, a tsaye a kasuwa, ta hanyar haddace matakai. Manhajojin kuɗi kuwa su ma suna sauya fuska kamar sauran. Jerin bankuna na iya sauya tsari, wurin da sunan mai karɓa ke fitowa na iya matsawa, a wurin da madannin tura kuɗi yake jiya ana iya samun tallar bashi yau. Kuskure a WhatsApp kunya yake jawowa, kuskure a nan kuɗin buhunan albasa ne ke tafiya asusun baƙo, kuma dawo da su aiki ne na kwanaki da zirga-zirga zuwa reshen banki.

Babban haɗarin ma ba kuskuren yatsa ba ne. Mutumin da ya saba ganin manhajarsa na sauyawa ba tare da an gaya masa ba, a hankali yakan daina mamakin baƙon abu, kuma wannan shi ne abin da ɗan damfara ke so. Tun 2016 ake yawo da saƙon ƙarya na wata WhatsApp Gold da wai manyan mutane ke amfani da ita. A Afrilun 2021 masana tsaron intanet suka yi gargaɗi kan WhatsApp Pink, wadda aka ce tana mayar da manhajar ruwan hoda, alhali muguwar manhaja ce mai kama waya ta riƙa tura kanta ga sauran mutane. A Disambar 2023 Babban Bankin ya umarci a haɗa ƙananan asusu da lambar BVN ko NIN, manhajoji na gaskiya suka fara neman waɗannan lambobi, 'yan damfara su ma suka samu abin fakewa, suna kira ko turo saƙo cewa za a rufe asusu idan ba a sabunta ba.

Ana iya bambance su da abu ɗaya da ba ya sauyawa. Sabuntawa ta gaskiya daga rumbun manhajoji take zuwa, ko daga wajen saitin wayar, ko ta bayyana da kanta a cikin manhajar da ka riga ka sani. Ba ta zuwa ta adireshin da aka turo a zauren hira, ba ta zuwa ta kiran waya, kuma ba ta neman a karanta wa wani lambar sirri ko lambobi shida da suka shigo ta saƙon tes. Duk wanda ya nemi waɗannan lambobi da sunan afdet, ko da muryar ɗan uwa ya zo, asusun yake so.

Abin da ke hannun mai waya

Matakin farko shi ne gano irin sauyin. Idan manhaja ɗaya ce ta sauya, sauran suna nan, kuma hirarraki da sunaye ba su ɓata ba, kusan tabbas sabuntawa ce. Ana iya tabbatarwa ta buɗe shafin manhajar a Play Store, inda ake rubuta ranar sabuntawa ta ƙarshe da ɗan bayanin abin da ya sauya. Idan kuwa fuskar wayar ce gaba ɗaya ta canza, alamomi suka koma wasu iri, talla na faɗowa ko ba a buɗe komai ba, to a bincika ko an tura wata baƙuwar manhaja a wurin caji, a cire ta. Akwai kuma sauyin da aljihu ke jawowa. Idan waya ta fara magana da kanta, kuma ba ta buɗe komai sai an taɓa sau biyu, ba aljanu ba ne kuma ba kutse ba ne: tsarin taimaka wa makafi ne mai suna TalkBack ya kunnu. A wayoyi da yawa danne madannan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa uku yana kunna shi, yana kuma kashe shi.

Na biyu shi ne zaɓen lokaci. A saitin Play Store akwai zaɓuɓɓuka game da sabuntawa, ciki har da: ta kowane irin sabis, ta Wi-Fi kaɗai, ko kada waya ta sabunta da kanta. Ana kuma iya hana manhaja ɗaya tak, ta alamar ɗigo uku da ke saman shafinta. Ga ɗan kasuwa ko mai POS, amfanin wannan shi ne ya hana manhajar kuɗinsa sauya fuska a safiyar ranar kasuwa, ya bari sai ranar da yake zaune, da wanda zai taimaka masa a kusa. Amma jinkiri ne kawai, ba tsira ba. Ba ya hana sauyin da ake buɗewa daga kwamfutocin kamfani. WhatsApp kan daina aiki idan sigar ta tsufa da yawa, ta ce sai an sabunta, manhajojin banki ma haka. Kuma a cikin sabuntawar ne ake toshe kafofin da ɓarayi ke bi, don haka barin manhajar kuɗi ta yi watanni ba sabuntawa ya fi sauyin fuska haɗari. Jinkirin kwana biyu ko mako ɗaya dabara ce, na wata shida ganganci ne.

Wanda ya lura cewa shi kullum ke riga kowa ganin sauyi, ya duba ko an sa shi cikin masu sigar gwaji. Wani lokaci mai gyara ko wani yaro mai son sabon abu ne ya shigar da shi. A ƙasan shafin manhajar a Play Store akwai wurin ficewa.

Wasu sauye-sauyen ana iya mayar da su. Tun daga Android 10 na 2019 wayoyi da yawa ke zuwa ba tare da madannai ukun nan na ƙasa ba, sai jan yatsa daga gefe, amma a wajen saiti, sashen kewayawa, ana iya dawo da madannan. Girman rubutu da baƙin ko farin shafi su ma a hannun mai waya suke. Wasu kuma ba su mayuwa. Ba a tanadi hanyar mayar da madannan WhatsApp sama ba, haka shuɗin zoben Meta AI ya zo ba tare da makunnin cire shi ba. Abin da ya kamata a sani game da shi shi ne, kamfanin ya ce hirar mutum da 'yan uwansa tana nan a rufe, amma abin da aka rubuta wa Meta AI kai tsaye yana isa ga kamfanin. Tun da an haɗa shi da gurbin neman suna, yana da kyau a kula kada a rubuta lambar asusu ko wani sirri a can a tura.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa tarkon da ya fi kowanne kama da mafita: komawa ga kwaikwayon WhatsApp irin su GBWhatsApp, ko karɓar tsohuwar siga daga wayar wani, domin fuskarta ta fi sabo. Kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa amfani da irin waɗannan ya saɓa wa ƙa'idojinsa kuma yana iya rufe lambar da aka kama. Ban da haka, babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, a wayar da ita ce kuma ke ɗauke da manhajar banki.

Sauran abin da ya rage na ɗabi'a ne. Idan manhajar kuɗi ta sauya, a fara da tura ɗan ƙaramin abu ga wanda ke kusa, a ga yadda sabuwar hanyar take. Kafin a sa lambar sirri a tsaya a kan sunan mai karɓa, wanda ba ya karantawa ya sa a karanta masa, amma lambar sirrin shi zai sa da hannunsa. Mai karɓar kuɗi ya duba tarihin shige da fice a cikin manhajar maimakon dogaro da hoton rasit, domin idan fuskar rasit na sauyawa, na bogi ya fi sauƙin wucewa. Mai koya wa iyaye daga nesa ya fara da cewa a turo masa hoton fuskar wayar kafin ya fara kwatance, kuma ya koyar da siffar alama maimakon wurinta: gilashin ƙara girma na nufin nema, ɗigo uku na nufin ƙarin zaɓi, makirfo na nufin murya. Wuri kan sauya sau da yawa, siffa ba ta cika sauyawa ba. A kunna wa WhatsApp tabbaci mai mataki biyu, wato lambar sirri ta lambobi shida da mai waya ke zaɓa da kansa, a kuma riƙa ajiye kwafin hirarraki kafin babbar sabuntawa.

Masu ƙaramar waya ma ba su tsira ba

Wanda ke riƙe da waya mai madannai, wadda ba ta san Play Store ba, shi ma yana da fuskar da ya haddace, wato gajerun lambobin da ake dannawa. A 2023 NCC ta daidaita waɗannan lambobi ga dukkan kamfanonin layi. Mai MTN da ya shekara da shekaru yana danna *556# don duba kuɗi, da *555* don loda kati, sai aka ce ya koma *310# da *311*. Sayen data ya koma *312#, duba ragowarta *323#, rancen kati *303#, kiran ofishin kula da abokan hulɗa kuma 300, ko wane layi mutum yake riƙe da shi. An bar tsofaffin lambobin da sababbin suna aiki tare na wani lokaci, aka sa ranar 17 ga Mayu, 2023 a matsayin wa'adin kammala ƙaura.

Wannan sauyi ya bambanta da na manhajoji ta fuska biyu. An faɗi ranarsa tun kafin ta zo, kuma abu ɗaya ne ga kowa, don haka mai sayar da kati na iya rubuta lambobin a kwali ya rataye, duk wanda ya zo ya kwafa. Kamfanonin manhaja ba su cika yin ko ɗaya daga cikin biyun ba. Sanarwarsu kan fito da Turanci a shafukansu na intanet, wani lokaci bayan sauyin ya riga ya isa, kuma kwalin da mai caji zai rataye a Rara ba zai dace da rabin wayoyin da ke kan teburinsa ba.

Akwai kuma sauyin da ba a saba da shi, domin shi ne ƙarshen hanya. Daga ranar 24 ga Oktoba, 2023, WhatsApp ta daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5.0 ba, kuma kamfanin kan ɗaga wannan mizani lokaci zuwa lokaci, bayan ya riƙa nuna gargaɗi a cikin manhajar. A kasuwar da wayar hannu ta biyu da ta uku ke da ciniki, wannan ya shafi mai saye kai tsaye. Kafin a biya kuɗi a buɗe saiti, a gangara sashen bayanin waya, a duba lambar Android ɗin da take ɗauke da ita, sannan a gwada sauke WhatsApp da manhajar bankin da za a yi amfani da ita daga Play Store a gaban mai sayarwa.